Fararriya ce ko daɗaɗɗiya? Waiwaye kan gardamar mafarin duniya

A ranar 22 ga Nuwamba, 1951, Fafaroma Pius na 12 ya yi wa masana kimiyya jawabi a Vatican cike da murna. Ya ce ga dukkan alamu ilimin zamani ya bi sawun duniya baya baya har ya iske lokacin da haske ya fara ɓullowa, don haka an samu shaida cewa duniya halitta ce, halitta kuwa ba ta rasa Mahalicci. Wanda jawabin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya shi ne mutumin da ya kawo nazarin da ake yabo ɗin, na cewa duniya ta fara ne a cure wuri guda sannan ta yi ta buɗewa, wato Georges Lemaître, ɗan Beljiyam, malamin lissafi da ilimin taurari a jami'ar Louvain, kuma fada a cocin Katolika. Ya bi ta hannun makusantan Fafaroma aka ja hankalinsa. Da shekara ta zagayo, Fafaroma ya sake yi wa masu ilimin taurari jawabi lokacin taronsu na Roma, bai ƙara gwama zancen biyu ba.

Me zai sa limamin coci ya ƙi a kafa hujjar samuwar Allah da bincikensa? Lemaître ya san tarihin gardamar, ya kuma san tambayoyi biyu ne ake cusawa cikin riga ɗaya. Ta farko: shin duniya tana da farko? Ta biyu: shin tana da wanda ya samar da ita? Duniya a nan ba ƙasar da muke takawa kaɗai ake nufi ba. Malaman tauhidi sun ce ita ce duk abin da ba Allah ba, da taurari da sarari da shi kansa lokaci.

Mutum zai zaci wanda ya fara dagewa cewa duniya ba ta da farko mai musun Allah ne. Arisɗo ne, wanda Turawa ke kira Aristotle, malamin Girka da ya rasu a shekarar 322 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya ce motsi ba zai yiwu ya fara ba, domin farawar ita ma canji ce, kuma sai wani canjin ya gabace ta. Ya ce lokaci ma haka, da zarar ka ce "kafin a yi lokaci" ka riga ka shigo da lokacin ta bayan gida. Amma shi ɗin dai ne ya ce wannan motsi marar farko dole yana da mai motsa shi wanda shi ba a motsa shi. Abin bautar Arisɗo bai halitta komai daga babu ba, bai ma damu da abin da ke ƙasa ba. Duk da haka tun daga nan aka ga cewa mutum na iya ƙin yarda da farko, ya kuma yarda da tushe.

Yahudawa da Kiristoci, daga baya kuma Musulmi, suna riƙe da littattafan da suka ce an halicci sammai da ƙasa, sai ga malamin da ake ganin ya fi kowa kaifin hankali ya ce ba a fara su ba. Augustine, mutumin arewacin Afirka da ya rasu a 430, ya ba da labarin wani da aka tambaya me Allah yake yi kafin ya yi sama da ƙasa, sai ya ce yana tanadin wuta ne domin masu bin ƙwaƙƙwafi irin wannan. Augustine ya ce shi ba zai kauce da raha ba. Amsarsa ita ce tare da duniya aka halicci lokaci, saboda haka babu wani "kafin" da za a tambaya.

Wanda ya fara tunkarar Arisɗo da makamin Arisɗo shi ne wani Kirista na Iskandariyya, John Philoponus, wanda Larabawa suka sani da Yahaya Nahawi. A 529 ya rubuta raddi kan masu cewa duniya daɗaɗɗiya ce. Ya ce ai Arisɗo da bakinsa ya yarda ba a ƙetare abin da ba shi da iyaka. To in kwanakin da suka wuce ba su da iyaka, ta ina aka bi aka iso yau? Aikinsa bai yi tashe sosai a wurin Kiristocin zamaninsa ba, sai da aka shiga fassara littattafan Girka a Bagadaza zamanin Abbasiyawa. Alkindi, wanda ya rasu wajen 873, ya ɗauki irin wannan hujja, haka ma malamin Yahudawa Sa'adiya Gaon.

Malaman ilimin kalam, wato masu kare aƙidar Musulunci da hujjar hankali, Mu'utazilawa da Ash'arawa, sun gina tasu hanyar. Suka ce kowane jiki ba ya rabuwa da motsi ko tsayawa, haɗuwa ko rabuwa. Waɗannan halaye kuwa zuwa suke yi suna wucewa, ke nan fararru ne, kuma abin da ba ya rabuwa da fararre shi ma fararre ne. Da aka ce musu me zai hana fararru su yi ta bin juna ba farko, sai Imamul Haramaini Aljuwaini, malamin Algazali, ya kawo misalin da har yau ban ga wanda ya fi shi sauƙi ba. Idan mutum ya ce maka, ba zan ba ka dirhami ba face na ba ka dinari a bayansa, kuma ba zan ba ka dinari ba face na ba ka dirhami a bayansa, wannan mai yiwuwa ne, zai fara ba ka ya yi ta bayarwa. Idan kuwa ya ce ba zan ba ka dirhami ba sai na riga na ba ka dinari kafinsa, dinarin ma sai na riga na ba ka dirhami kafinsa, to har abada hannunka ba zai taɓa komai ba. Ni'imar Aljanna irin ta farko ce, ba ta da ƙarshe. Duniya marar farko irin ta biyu ce.

Sai Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya zo ya sauya wa gardamar alƙibla. Bai tambayi yaushe aka fara ba. Ya ce dubi kowane abu da ke akwai, ko dai samuwarsa wajibi ce a kan kansa, ko kuma mai yiwuwa ce, zai iya kasancewa zai iya rashin kasancewa. Mai yiwuwa yana bukatar abin da ya rinjayar da samuwarsa a kan rashinsa. Tara masu yiwuwa komai yawansu, ko da ba su da iyaka, tarin nasu ma mai yiwuwa ne, don haka dole a tuƙe ga Wajibin Samuwa. Wannan hujja ba ta bukatar duniya ta fara. Ibn Sina ma yana ganin ba ta fara ba. Ya ce hannu yana juya mabuɗi, su biyun suna motsi lokaci guda, amma kowa ya san hannu ne ke juya mabuɗi ba mabuɗi ke juya hannu ba. Haka Allah ya gabaci duniya, gabata ta matsayi ba ta lokaci ba. Kuma ya jefa wa masu kalam tambaya mai ƙaya: in Allah mai iko ne tun fil azal, kuma ba ya canjawa, me ya sabunta har ya yi halitta a wannan lokaci bai yi kafinsa ba?

Wannan ƙayar ce Algazali ya zauna cirewa. A 1095, yana koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ya kammala Tahafutul Falasifa, inda ya bi mas'aloli 20 na masu falsafa. Ya ce 17 bidi'a ne, 3 kuwa kafirci ne, kuma ta farko a cikin ukun ita ce cewa duniya daɗaɗɗiya ce. Ita ya fi tsawaitawa a kai. Ya ce ka ajiye wa mai jin yunwa dabino biyu iri ɗaya sak, girma ɗaya, kyau ɗaya, nisa ɗaya daga hannunsa, ka ce ɗaya kawai zai ɗauka. Zai zauna yana kallonsu har yunwa ta kashe shi don ya rasa dalilin fifita ɗaya? Zai miƙa hannu ya ɗauka. Aikin nufi ke nan, ya ware abu daga irinsa. Allah ya nufa tun fil azal duniya ta kasance a sa'ad da ta kasance, ba tare da wani abu ya sabunta gare shi ba.

Bai tsaya kare kai ba, ya kai hari. A lissafin masu ilimin taurari na zamaninsa rana tana kammala zagayenta a shekara 1, Mushtari (Jupiter) a shekara 12, Zuhal (Saturn) a shekara 30. In tun fil azal suke zagayawa, kowanne zagayensa ba iyaka, alhali na rana ya ninka na Zuhal sau 30. Yaya marar iyaka zai fi marar iyaka? Kuma adadin zagayen nan, cika ne ko mara? Sannan ya faɗi wata magana da nake ganin ta fi sauran nisan hange. Masu falsafa sun yarda duniya tana da iyaka a faɗi, kuma in ka tambaye su me ke bayan sama ta ƙarshe sai su ce tambayar ruɗin zato ce, babu wani "baya" a can. Algazali ya ce to haka "kafin" yake. Abin da kuka yarda da shi a sarari, ku yarda da shi a lokaci. A wani littafinsa, Al'iƙtisad fil I'itiƙad, ya dunƙule hujjar a layi uku: duk fararre yana da sababi, duniya fararriya ce, saboda haka tana da sababi.

Ana yawan ba da labarin kamar daga nan aka rufe littafi. Ba a rufe ba. Ibn Rushd, alƙalin Kurɗuba da ya rasu a 1198, ya bi Tahafut sakin layi bayan sakin layi yana mayar da martani. Ya ce mai ɗaukar dabino ba tsakanin dabino biyu ya zaɓa ba, tsakanin ci da rashin ci ya zaɓa. Ya kuma ce zahirin Alƙur'ani bai ce an yi sammai bayan tsantsar babu ba, ga ayar Suratu Hud da ta ce Al'arshinsa ya kasance a kan ruwa, ga ta Fussilat da ta ce sama tana hayaƙi. A ganinsa hujjojin da Alƙur'ani ya kafa wa kowa da kowa biyu ne, yadda aka daidaita halitta da bukatun ɗan Adam, da yadda rai ke ɓullowa a abin da ba shi da rai. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ba abokin tafiyar masu falsafa ba ne ko kaɗan, amma shi ma ya soki hanyar masu kalam. Ya ce kowace halitta ɗaya ɗaya fararriya ce, rashi ya gabace ta, sai dai Allah bai gushe ba yana aikata abin da ya so, don haka jerin halittu a jinsinsu ba dole ne ya zama da na farko ba. Ya fi dogara ga fiɗira da ayoyi irin ta Suratuɗ Ɗur: shin an halicce su ne ba daga komai ba, ko su ne masu halittar? Duk da wannan suka, hanyar faruwar duniya ce ta zauna daram a littattafan Ash'arawa, har Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, ya buɗe hujjojinsa a Ummul Barahin da cewa dalilin samuwar Allah shi ne faruwar duniya.

A ɓangaren Yahudawa, Musa bin Maimun, shi ma haifaffen Kurɗuba, ya ce hankali bai yanke hukunci ko ta wane gefe ba, annabci ne ya sanar da mu farko. Thomas Aquinas, babban malamin Katolika da ya rasu a 1274, ya tsaya a nan shi ma. Ya kawo hanyoyi 5 na tabbatar da samuwar Allah, babu ko ɗaya da ta jingina ga cewa duniya ta fara. Ya yi gargaɗin cewa kafa imani da hujja mai rauni yana ba masu musu abin dariya ne kawai. Wannan gadon Lemaître ya ci.

Ƙarnonin da suka biyo baya sun fi rushewa fiye da gini. A cikin masu falsafar Turai, Leibniz ya sake fasalin hujjar Ibn Sina da misalin littafin da aka kwafa daga wani, shi ma daga wani, har ba iyaka: ka bayyana kowane kwafi, amma ba ka bayyana dalilin da ya sa akwai littafin tun asali ba. David Hume ya tambayi ta ina muka san dokar sababi, wadda muka koya a cikin duniya, tana aiki a kan duniya ɗungurungum. Kant a 1781 ya jera hujjar farko da hujjar rashin farko kafaɗa da kafaɗa, ya ce duk biyun suna da ƙarfi, alamar hankali ya wuce gonarsa ke nan. Daga 1874 kuma Georg Cantor ya nuna ana iya lissafi da marar iyaka ba tare da tufka da warwara ba. Lambobin cika rabin lambobi ne a ido, amma kana iya haɗa kowace lamba da ninkinta, 1 da 2, 2 da 4, 3 da 6, babu wadda za ta rasa abokiya. Wannan ya rage wa hujjar Zuhal da Mushtari kaifi. Masu kare ta suka ce abin da ya yiwu a takarda daban, abin da zai auku a zahiri daban, kuma dirhamin Aljuwaini yana nan bai iso hannu ba.

Har farkon ƙarni na 20 yawancin masana kimiyya sun ɗauka duniya tsaye take, haka take tun da can. Akwai dai abin da ke musu kaikayi. Garwashi in aka ajiye shi hucewa yake yi, ba ya komawa ya ruru da kansa, kuma a 1865 Rudolf Clausius ya mayar da wannan doka ta lissafi. In taurari sun daɗe suna ci ba farko, me ya hana su zama toka? Da Einstein ya gwada sabon nazarinsa na nauyi a kan duniya baki ɗaya a 1917, lissafin ya ƙi ba shi duniya mai tsayawa cik, sai ya ƙara wani adadi don ya tokare ta. Alexander Friedmann na Rasha a 1922, da Lemaître a 1927, suka nuna lissafin yana ba da sarari mai buɗewa. Einstein ya ce wa Lemaître lissafinsa daidai ne amma fahimtarsa ta kimiyya abin ƙyama ce. A 1929 Edwin Hubble, da madubin hangen nesa mai faɗin inci 100 na dutsen Wilson a Amurka, ya nuna gungun taurari suna nisantar mu, kuma wanda ya fi nisa ya fi gudu, kamar ƙulle-ƙullen da aka yi a jikin zaren roba aka ja shi. A 1931 Lemaître ya ce to a mayar da hannun agogo baya, komai zai taru wuri guda.

Ba a karɓe shi hannu bibbiyu ba. Arthur Eddington, malaminsa, mai addini kuwa, ya ce zancen farko yana tayar masa da zuciya. Lissafin Hubble ma ya ba duniya shekara kusan biliyan 2, alhali an san duwatsun ƙasa sun girmi haka. A 1948 Fred Hoyle da Hermann Bondi da Thomas Gold suka kawo nazarin duniya mai buɗewa amma marar farko, inda sabon abu ke ta samuwa yana cike gurbi. Hoyle ne ya laƙaba wa nazarin abokan hamayyarsa suna Big Bang, wato babbar fashewa, a wani shirin rediyon BBC a 1949, sunan kuma ya bi nazarin.

Abin da ya raba gardama tsakaninsu ƙara ce a eriya. A 1964 Arno Penzias da Robert Wilson suna aiki da wata ƙatuwar eriya mai kama da ƙaho a Holmdel, jihar New Jersey, sai wani shuu ya ƙi ɗaukewa, dare da rana, ko ina suka juya ta. Suka zargi tattabarun da suka yi sheƙa a ciki. Suka kama su, suka kankare kashinsu, ƙarar tana nan. Ashe ragowar zafin farkon duniya ne, hasken da ya kuɓuce tana da shekara kusan 380,000, wanda yanzu ya huce zuwa kimanin digiri 270 ƙasa da sifili. Labarin ya iske Lemaître yana jinya, ya rasu a 1966. Ma'aunin tauraron ɗan Adam na Planck a 2013 ya sa shekarun wannan buɗewa a biliyan 13.8.

Ba mamaki da tsohuwar hujja ta farfaɗo. A 1979 wani Ba'amurke Kirista, William Lane Craig, ya ɗauko layuka ukun Algazali, ya kira su da sunan kalam, ya jingina layi na biyu ga sabuwar kimiyya. A 2003 masana kimiyya Borde da Guth da Vilenkin suka nuna cewa duk duniyar da a jimlace buɗewa take yi, ba za a iya bin tarihinta baya har abada ba. Musulmi da yawa kuma suka koma ga ayar Suratul Anbiya da ta ce sammai da ƙasa sun kasance a haɗe aka buɗe su.

A nan nake ganin ya kamata a ja linzami. Abin da aka tabbatar shi ne duniyar da muke gani ta taɓa kasancewa a cure, da zafi na fitar hankali. Ana matsawa baya, sai a kai gaɓar da lissafin Einstein ya daina aiki, domin ba a samu nazarin da ya haɗa dokar nauyi da dokar ƙananan ƙwayoyi ba tukuna. Wurin da lissafi ya tsaya ba lallai ne nan duniya ta tsaya ba. Akwai masu cewa wata duniya ce ta tsuke ta sake buɗewa. Masana kimiyya Hartle da Hawking a 1983 sun ce mai yiwuwa lokaci yana da iyaka amma ba shi da baki, tambayar me ke kafinsa kamar tambayar me ke kudu da ƙarshen kudancin ƙasa (South Pole) ne. Wanda ya karanta Algazali zai yi murmushi, don maganarsa ce ta dawo, sai dai wannan karon a bakin mai son ya ce ba a bukatar Mahalicci. Ita ayar Anbiya kuwa, malamin tafsiri Ɗabari ya rinjayar da cewa an buɗe sama da ruwa, ƙasa da tsiro. Mai ɗaura ma'anar aya a ƙafar nazarin bana, ya shirya kwance ta in nazarin baɗi ya zo.

Masu musu ma suna da nasu zamewar. In masanin kimiyya ya ce duniya ta fito daga babu, galibi babun tasa tana ɗauke da dokoki da fili mai kaɗawa, wato abin da mai kalam zai kira wani abu. Vilenkin kansa, da ya kawo irin wannan nazari, ya bar dokokin a tsaye kafin duniyar. Tambayar Ibn Sina ba ta motsa ba, ko duniya ta shekara biliyan 13.8 ko ba ta da farko. Bertrand Russell, masanin falsafa ɗan Birtaniya, a muhawararsa da Fada Copleston a rediyo a 1948, bai ce ya amsa ta ba. Cewa ya yi duniya tana nan ne kawai, shi ke nan. Matsayi ne da mutum zai iya ɗauka, amma ba madubin hangen nesa ne ya ba shi ba.

Masu aunawa dai ba su zauna ba. A Maris 2014 wata tawaga mai na'urar BICEP2 a ƙarshen kudancin ƙasa ta yi shelar ta ga tambarin girgizar da ta auku a ƙiftawar farko ta duniya, cikin wancan tsohon haske. Jaridu suka ɗauka, aka fara zancen kyautar Nobel. Kafin shekara ta cika aka haɗa sakamakon da na Planck, sai ga shi abin da suka gani ƙura ce ta gungun taurarinmu ta gifta gaban madubi. An ƙera na'urori masu ido fiye da wancan, a can kudancin da kuma hamadar Atacama ta Chile, ana ci gaba da dubawa.